Bazara Ta Shigo: Ga Abin da Za a Fara Gobe da Asuba

Hazo ya washe, an ninke barguna, bedi ya yi fure, yara sun fara jifar ɗanyen mangwaro. Duk wanda ya tashi a Dudunni ko ƙauyukan da ke tsakanin Kusada da Kankiya ya san abin da ke tafe. Daga tsakiyar Maris har ruwa ya sauka, wajen ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, rana ce ke da gari. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, wani lokaci ya zarce, daren ma ba ya sanyin kirki.

Shawarata guda ce, sauran duk rassanta ne: a fitar da zaman gida waje, a kuma sauya wa aiki lokaci. Aiki da asuba, inuwa da rana, hira da barci a tsakar gida. Haka iyayenmu suka bi da bazara tun babu fanka babu firji, kuma har yau dabarar ba ta tsufa ba. Ke uwargida, kai maigida, kowa ga nasa.

1. Ki gama da wuta kafin hantsi

Gobe idan kin idar da sallar asuba, kada ki koma kwanciya. Ki hura wuta, ki ɗora abincin rana tare da na kari. Surfe, daka, wanki, shara, duk abin da ke sa zufa, ya zama kin kammala shi kafin ƙarfe goma.

Daga sha biyu zuwa la'asar, ki ɗauka lokacin hutu ne. Ba lalaci ba ne. Tsinkar zogale, ɗinkin hula, kitso, gyaran wake, ga ayyukan zaune nan da za a yi a inuwa.

Idan madafinki rufaffe ne, ki fito da murhu ƙarƙashin rumfa. Sai dai ki nisanta shi da danga da tarin kara, ki kuma kashe wuta da ruwa in kin gama. Guguwar bazara kan taso ba sallama, garwashi ɗaya ya ishe ta.

Abinci ba ya jimawa a wannan yanayi. Shinkafar da aka sauke da safe kan iya yami kafin la'asar, miyar gyaɗa ma haka. Ki rage yawan abin da kike dafawa a tashi ɗaya. Abin da ya kwana kuwa, ki tafasa shi sosai har ya yi tururi, ba ɗan ɗumi a gefen murhu ba.

2. Kai kuma, ka kafa rumfa a wannan makon

Gwafa huɗu ko shida, sanduna, karan dawa da zana. Kayan ke nan, kuma yawancinsu suna bayan gidanka. Ka kafa ta yadda za ta tare bangon yamma, domin shi ne ke shan ranar la'asar ya riƙe zafin har tsakar dare. Ka yi ta da tsayi, iska ta samu hanyar wucewa. Rumfar da mutum sai ya sunkuya ya shiga, tara zafi take yi.

Ka ɗaure zanar da igiya a kowace gwafa, ka binne gwafar da zurfi. Iskar da ke zuwa gaban hadarin farko ba ta ragawa abin da aka ɗora kawai aka tafi.

Ɗakin kwano mara silin ba wurin zaman rana ba ne, musamman ga jariri da tsoho. In da hali, a sa masa silin ko da na tabarma ne ko buhu. In da ƙarin hali, a shafa wa kwanon farin fenti ta sama, yana mayar da hasken rana sosai. Da rana a rufe tagar da rana ke dukanta da asabari ko jiƙaƙƙen zane, da magariba a buɗe ko'ina.

3. Randa biyu, moɗa ɗaya

Ranar kasuwa mai zuwa ki sayo sabuwar randa. Tsohuwa da ta toshe da gansakuka ba ta sanyaya ruwa kamar sabuwa, don sanyin daga tsattsafowar da take yi ta jikinta yake fitowa. Ki ɗora ta a kan rairayi mai laima, a inuwa, inda iska ke bi. Ki naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara. Ki cika ɗaya da dare don shan gobe, ɗayar tana hucewa.

Ki rufe da faifai, ki rataye moɗa mai mariƙi a gefe. Da ita kaɗai za a riƙa ɗiba a zuba a kofi. Yaro ya dawo daga wasa ya tsoma hannu da kofinsa cikin randa, gudawar gida guda ke nan. In ruwan na rijiya ne buɗaɗɗiya ko na tafki, ki tafasa, ko ki sa maganin tace ruwa irin su WaterGuard ko Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikinsu.

Ɗiban ruwa ma a mayar da shi asuba ko bayan la'asar. Layin tuƙa-tuƙa da tsakar rana ba wurin aika ƙaramin yaro ba ne.

Ga wata dabara da nake so kowane gida ya gwada. Ki samu tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama. Ki zuba rairayi a gindin babbar, ki zaunar da ƙaramar a ciki, ki cike tsakaninsu da rairayi har baki, ki jiƙa shi sharkaf. Tumatir, attaruhu, yalo, alayyafo, ki zuba a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Safe da yamma ki ƙara wa rairayin ruwa. Wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan tukunya cikin tukunya a ƙauyuka, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Kayan miyan da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sai su daɗe suna nan garau. Ta fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe. Idan hadari ya fara haɗowa iska ta yi nauyi, sanyinta kan ragu.

4. Kada a jira ƙishirwa

Da an tashi, kowa ya sha kofi guda kafin komai. Mai zuwa gona ko kasuwa ya tafi da gorarsa. Hanya mafi sauƙi ta gane ko ruwan jiki ya isa ita ce fitsari: in fari ne ko ruwan ɗorawa mai haske, lafiya lau. In ya yi ja kuma kaɗan ne, a ƙara sha.

Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa kamar matasa. Kada ki tambayi Inna ko za ta sha, za ta ce a'a. Ki miƙa mata kawai, ki tsaya har ta sha.

Jaririn da bai kai wata shida ba, nono kaɗai. Na san za a ce miki ana zafi, a ba shi ruwa. Nonon ya ishe shi ruwa, abin da ake so shi ne ki yawaita ba shi, ke kuma ki yawaita sha.

Fura da nono, farau-farau, kunun zaƙi, zoɓo, jiƙon tsamiya, kankana, duk sun fi lemon kwalba amfani a jiki, sun kuma fi sauƙin kuɗi. Ki sassauta sukari. Ƙanƙarar da ake sarewa a kasuwa, ki sanyaya abin sha da ita ta waje, kada ki jefa a ciki, tunda ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba.

Ki aje ORS da ƙwayar zinki a gida tun yanzu, kowane kemis akwai. In gudawa ta kama yaro da dare babu ko ɗaya, ki haɗa da kanki: ruwa mai tsafta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokalin shayi. Kada ki ƙara gishiri da sunan ƙarfi, illa yake yi. Abin da ya kwana ya wuni, a zubar a haɗa sabo.

5. Barcin waje, amma da shiri

Wannan shi ne daɗin bazara, kuma ba na so kowa ya rasa shi. Bayan la'asar ki share tsakar gida, ki yayyafa ruwan wanki ko na alwala da kika tara a bokiti. Ƙasa ta sha, ƙura ta kwanta, kafin isha wurin ya huce. Sai a baje tabarmi.

Yara da tsofaffi a ɗaga su daga ƙasa in da gado, ko na kara ne. Kunama na son fitowa da daren zafi, tana bin gindin bango da ƙarƙashin tarkace. Don haka a janye shimfiɗa daga jikin katanga, a kwashe tulin itace da fasassun tubala daga inda ake kwana. Kowa ya san inda tocila take. Da safe a kakkaɓe takalmi da zane kafin a sa.

Gidan sauro ya fito waje tare da ku. Sanduna huɗu a kafe, ko igiya daga rumfa zuwa bishiya, a cusa bakinsa ƙarƙashin shimfiɗa. Sauro ya ragu a bazara, bai ƙare ba, kuma ragar na tare wasu ƙwarin.

In kunama ta harbi babba, a wanke wurin, a ɗora abu mai sanyi, ya sha farasitamol. In ƙaramin yaro ne, a kai shi asibiti, musamman in ya fara amai, zufa ko dalalar da miyau. Saran maciji kuwa, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana wurin motsi, a ɗauki mutum, a nufi Babban Asibitin Kankiya ko wanda ya fi kusa. Lokacin da ake ɓatawa wajen neman mai magani a gida, shi ne ake nema daga baya a rasa.

Kai maigida, kafin ka kwanta ka leƙa zaure ka tabbatar an sa sakata, ka duba turken dabbobi. Waya da caji, lambar maƙwabci da ta mai unguwa a ciki. Halin tsaro da ake ciki a jiharmu ta Katsina ya sa wannan ya zama dole.

6. A bar yara su yi dandali

Da farin wata, 'yan mata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, ƙanana su kewaye kaka ta yi musu tatsuniya. Ni dai ina ganin asara ce yaro ya girma a karkara bai san wannan ba, yana ɗaki yana zufa a kan waya. Ki sake su. Ki dai san filin da suke, da wanda ya fi su girma a wurin, da lokacin dawowa.

Abin da za ki hana shi ne ƙwallon tsakar rana. A ɗage ta zuwa bayan la'asar, a tafi da jarkar ruwa.

Sai maganar wanka a kududdufi da bakin dam. Zafi na kora yara can, ruwan kuma ya ja baya ya bar taɓo da ramukan da aka haƙi ƙasar gini. Nan ake nutsewa. Ruwan da ke kwance kuma shi ke ɗauke da tsargiya. In kin ji yaro na kukan zafin fitsari ko kin ga jini a ƙarshensa, ba balaga ba ce, ba kuma zafin rana ba ne. Cuta ce mai magani, ki kai shi asibiti. A gida ki tara musu ruwa a baho su watsa sau biyu ko uku a rana, ƙurajen zafi ma sai su lafa. Riga mara nauyi ta auduga, ko a bar ƙanana da ɗan kamfai a inuwa.

Mangwaro a wanke kafin a sha, ɓawo da ƙwallo a binne ko a kai nesa saboda ƙuda. Ɗorawa ma yanzu take nuna. Yara su sha garin, ke ki tara kalwar, daddawar damina ke nan.

7. Ki san alamomin da ba a jira da su

Haɓo abu ne da aka saba gani. A zaunar da yaro, ya ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse tattausan hancin minti goma. Kada a kwantar da shi rigingine, jinin zai bi maƙogwaro.

Wanda rana ta gajiyar zai yi jiri, ciwon kai, zufa mai yawa, ƙafa na ɗaurewa. A kai shi inuwa, a sassauta tufafi, a ba shi ORS kaɗan-kaɗan. Yawanci yakan dawo daidai.

Amma in jiki ya yi zafi rau, mutum ya fara sambatu, ko bai gane mutane ba, ko ya faɗi, wannan bugun rana ne kuma yana kisa. A kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi ta fifita, a sa jiƙaƙƙen tsumma a wuya da hammata da matsematsi, ana yi ana neman mota. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Kada a raina abin: a farkon Afrilun 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré da ke Bamako kuma ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu tsofaffi.

Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu, su ne za a fi sa wa ido. Magungunansu a aje a wuri mai sanyi, ba kan taga ko aljihun babur ba. Kada kowa ya daina shan maganinsa saboda zafi sai ya tambayi likita.

Sai sanƙarau, wanda lokacinsa ke nan: zafi, ƙura, da cunkoso a ɗaki mara iska. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da ya kashe sama da mutum 11,000 a Najeriya, galibi a Arewa. A 2017 ma ya sake ɓarna a Zamfara, Sakkwato da nan Katsina. Alamominsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ƙin kallon haske. Ga jariri, maɗiga ta kumbura, ya ƙi nono, ya yi ta kuka. Ko tsakar dare ne a tafi asibiti, sa'o'i kaɗan ke raba rai da mutuwa a wannan ciwo. Wani amfanin barcin waje ke nan, yana rage cunkoson ɗaki.

Gobe ki ɗauko katin rigakafin yaranki ki duba. Ta ƙyanda ana yi a wata tara, a maimaita a wata goma sha biyar, kuma kyauta ce a asibitin sha-ka-tafi. A watan Maris 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar sanƙarau mai kare nau'i biyar. Duk ranar da aka yi shelar masu rigakafi sun shigo gari, ki fito da su.

8. Dabbobi ma zafin suke ji

Ka mayar da turke ƙarƙashin bishiya ko ka yi musu tasu rumfar. Ruwa safe, rana da yamma, kuma komin ya kasance a inuwa, don dabba ba ta son ruwan da ya yi zafi. Harawa da dusa a ba su da sanyin safiya da maraice, lokacin suka fi ci. 'Ya'yan gawo da ke zuba yanzu, a sa yara su tsinto, abinci ne mai kyau ga awaki da tumaki.

Kaji sun fi kowa saurin mutuwa. In kin ga sun buɗe baki suna haki, sun saki fukafukai, ki buɗe akurki, ki sauya musu ruwa mai sanyi, ki yayyafa ruwa a ƙasan wurin. Masu kiwon kajin gidan gona su rage yawansu a ɗaki, su ɗauke abinci da tsakar rana.

Shanun huɗa da jakin amalanke su yi aikinsu kafin hantsi ya ɗaga. Damina na tafe, da ƙarfinsu za ka yi noma.

9. Yasar rijiya: a yi, amma ba da ganganci ba

Yanzu ruwa ya yi ƙasa, lokacin yasa ne da gyaran bakin rijiya. A ɗaga bakin da siminti, a yi murfi, don ruwan farko kan kwaso duk ƙazantar rani ya zuba a ciki, daga nan amai da gudawa ke farawa.

Kafin kowa ya shiga, a buɗe rijiyar ta sha iska, a zura fitila mai wuta da igiya har ƙasa. In ta mutu, babu iskar shaƙa, kada a shiga. Mai shiga a ɗaura masa igiya a ƙugu, ƙarti biyu ko uku na riƙe da ita a sama. Kada a taɓa saukar da injin fetur cikin rijiya ko a tayar da shi a bakinta, hayaƙinsa ƙasa yake sauka. In na ciki ya yi shiru, a jawo shi da igiyar. Kada wani ya faɗa ceto haka nan. Sau da yawa haka ake rasa mutum biyu ko uku a rami ɗaya.

10. Biki, kasuwa da tafiya

Mutane da yawa na son su gama aure kafin aikin gona ya kankama, ga kuma 'yan cin rani sun fara dawowa da ɗan abin hannu. In bikin naki ne, ki sa zaman mata bayan la'asar. Ki tanadi ruwan sha fiye da abin da kike zato, a kafa rumfa ta musamman don tsofaffi da masu goyo. Abinci a dafa kashi biyu maimakon a tara tun safe.

Mai zuwa Katsina ko Kano ta hanyar Kankiya ya kama motar farko. Mai babur ya duba taya da safe tun tana da sanyi, sudaddiyar taya a kan kwalta mai zafi ba ta da tabbas. Kada a bar yaro a rufaffiyar mota ko na minti biyar. Jarkar fetur, tukunyar gas, batirin sola da wayar da ke caji, duk a raba su da rana.

Masu fita farauta, ku tafi da sanin mai unguwa, ku ɗauki ruwa, ku dawo da wuri. Kada ku sa wa daji wuta don kora zomo, abincin dabbobin gari ne ke ƙonewa.

Ki kuma lura da kalanda. Babbar Sallah ta 2025 ta faɗo 6 ga Yuni, kuma kowace shekara tana matsowa da kusan kwana 11, wato shekaru masu zuwa a tsakiyar zafi za a yi layya. A yanka da wuri, a fara da kayan ciki, a raba na rabo nan take. Sauran a soya shi ya soyu ƙarau, ko a yanyana a shanya a bushe. Ɗanyen nama ba zai kai gobe ba.

11. Ka hau rufi kafin hadari ya hau

Ka zagaya gidan da magini ko kafinta a wannan watan. Ɗakin soro a yi masa yaɓe, a toshe tsaga, a buɗe indararo. Ɗakin kwano a bi ƙusoshi, a ɗaure katakon da jikin gini da waya. Rumbu a sabunta masa jinka. Katangar da gindinta ya zaizaye a tallafe ta, kada kuma a yi shimfiɗa kusa da ita. Magudanar ƙofar gida a kwashe. Aikin da za ka biya kaɗan yau, bayan iska ta yaye rufi ninkinsa za ka biya, ga kafinta ya yi wuyar samu.

12. Gona: shara, taki, iri

Ka fita da asuba, ka dawo kafin rana ta take. Malafa a ka, gora a kafaɗa.

Wajen sassabe, kada ka aske gonar tas. Duk kututturen da ya yi toho, na gawo, kalgo, sabara ko aduwa, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sare sauran. Maƙwabtanmu na Maraɗi sun fara wannan tun shekarun 1980, kuma da shi aka dawo da bishiyoyi a miliyoyin kadada a kudancin Nijar ba tare da dasa sabbi ba. Gawo ya fi kowanne: yana da ganye da inuwa yanzu da ake bukata, da damina kuma ya kaɗe ya bar wa gero rana, ganyen ya zama taki. Karan da ya rage ma kada ka tara ka ƙone duka. Ka bar wani a kwance, yana tare ƙasa daga iska.

Takin gida a kai yanzu tun hanya na bushe, da amalanke ko mangala. A zuba tsibi-tsibi, a baje gab da saukar ruwa.

Ke kuma ki gwada irin kafin a dogara da shi. Ki ƙirga ƙwaya 20 na gero ko gyaɗa ko wake, ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki aje a inuwa kusa da randa, kina yayyafa ruwa. Bayan kwana biyar zuwa bakwai ki buɗe. In 16 ko fiye sun tsiro, irin na da kyau. In rabi ne, a nemi wani tun kasuwa ba ta tashi ba. Mai son iri mai saurin nuna ya tambayi malamin gona na hukumar noma ta jiha, KTARDA, a kan gero SOSAT, da kuma ire-iren gyaɗar SAMNUT waɗanda cibiyar binciken noma ta Samaru, Zariya, ta fitar, ya kuma saya a wurin da aka sani.

Ka riƙa sauraron hasashen hukumar yanayi ta NiMet a rediyo, kowace shekara suna faɗin lokacin da ake sa ran damina za ta zauna a kowane yanki. Ruwan farko na Mayu kan zo da ƙarfi, sannan ya ɗauke mako biyu ko uku, tsiro ya ƙone. In an yi ruwa, washegari ka tona ƙasa da hannu. In laimar ba ta kai zurfin tafin hannunka ba, ka dakata. In kuma ka ƙudura sai ka yi binne ko ka bi ruwan farkon, ka shuka gero kaɗai a wani sashe na gonar, ka ɓoye rabin irin a ɗaka. Gyaɗa da wake su jira sai ruwa ya zauna.